Rasuwar Alhaji Keke, Wanda Ya Yashe Ni a Gindin Lilo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tashin zuciya da har yau bai sake ni ba, ni Malam Khalilu, mai koyar da karatu a ƙauyenmu na gabas da Makoda, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohon keken guragunmu, wanda gida da waje aka sani da Alhaji Keke. Ya rasu ran uku ga ƙaramar Sallah, bayan la'asar, a wurin wasan yara na birnin Kano, ina zaune a kansa. Ban ce Allah ya jiƙansa ba, don ƙarfe ne, ni kuwa na san iyaka. Ko da ya halatta ma, sai na yi shawara.

Marigayin ya samu sunansa ne ta hanyar gaskiya. Daga Makka ya zo tare da mahaifiyata, Inna Zulaihatu, shekarar da gwiwoyinta suka gaza mata ana tsakiyar aikin hajji. Ya yi mata hidima shekara tara, ya kai ta suna, ya kai ta gaisuwar mutuwa, har ta riga mu gidan gaskiya. Daga nan ya yi ritaya a ɗakin shirgi, yana hutawa da mutuncinsa.

Sai shekarun nan na tsadar rayuwa suka zo. Muka sayar da jaki, takin zamani ya zama abin da muke gani a shago mu kau da kai. Dole Alhaji ya fito daga ritaya. Shi ne ɗaukar jarkoki daga rijiya, shi ne kai gero niƙa. Da bazara kuwa shi yake kai taki gona, har da dattin tumbin da maƙwabcina Sammani mahauci yake tara mini a bayan gidansa. Wanda ya zagaya Ɗakin Allah ya koma dakon abin da ba a faɗa a gaban abinci. Bai taɓa ƙorafi ba, in ban da wani kuka da yake yi a kowane juyi, ƙiiƙ, ƙiiƙ, wanda da shi matata Kaltume take sanin na dawo ta ɗora ruwa.

Gab da azumin bana autata Furera ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha ɗaya. Ban yanka rago ba, ban ɗinka mata ko kallabi ba, da kunu da ƙosai aka yi walima. Kunya ta ishe ni, na ce ta faɗi abin da take so. Ta ce babban lilon nan na Kano, mai juyawa sama kamar ƙafar keke, wanda ta taɓa hangowa daga cikin mota. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma Baba tare za mu hau, ni tsoro nake ji." Na ce na yi alkawari, a gaban uwarta da yayyenta. Shi kaɗai ne abin da na iya ba yarinyar nan a shekarar saukarta.

Saura kwana shida Sallah, wani bajimin sa ya taka mini ƙafar dama a kasuwar Ɗambatta. Mai ɗori ya ɗaure ta da kara da tsumma, ya ce in na kuskura na taka ƙasa kafin wata guda, in nemi wani mai ɗorin. Furera kuwa sai ta riƙa zama a bakin ƙofa tana kallon ƙafar, abin da ya fi mini ciwon zafi.

Aka zauna shawarar abin da zai kai ni. Dabo kafinta ya sassaƙo mini sandar hammata da katakon giginya, na ɗaga ta sau ɗaya na ce wannan ai azarar ɗaki ce. Aka kawo maganar baro, Kaltume ta ce muddin tana numfashi ba za a tura mijinta cikin Kano kamar buhun masara ba. Sai idon kowa ya koma kan Alhaji, yana jingine a gindin rumbu, da sauran aikin jiya a jikinsa.

Nan ciwon ajalinsa ya faro, ba mu sani ba. Sammani ya ce shi zai tura ni, shi kuma zai gyara shi. Ya wanke shi, ya ga fatar mazaunin ta bushe, ƙafafun suna kuka. Man shafa wa ƙarfe ya yi tsada, shi kuwa mahauci abin da ya fi yawa a hannunsa kitse ne. Ya narka kitsen sa, ya ɗura a boris ɗin ƙafafun, ya mulke mazaunin ciki da bai har ɗinkin ƙasa, yadda yake yi wa kuben wuƙarsa. Ya ce, "Malam, yanzu ko jariri aka kwantar a kai ba zai farka ba." Gaskiya ne, kukan ya ɗauke ɗif. Muka mayar da shi gindin rumbu ya kwana biyar, muka manta cewa ɓerayen gidan ma a cikin yunwar nan suke tare da mu.

A tashar Makoda aka ɗaure shi a saman mota, rana ta yi ta dukansa har Kano. Da aka sauko da shi kitsen ya narke ya ruɓe. Na zauna da farar rigata, wadda ita kaɗai ta rage mini ta fita kunya, na ji danshi yana ratsowa. Warin kuwa, ban san yadda zan kwatanta shi ba tare da na ɓata wa mai karatu abinci ba. Tsohon taki ya taso daga ƙasa, ruɓaɓɓen kitse ya tarye shi. Ƙudajen Kano suka yi mana rakiya tun daga bakin ƙofa. Mata suna janye 'ya'yansu, wata ta toshe hanci da mayafi ta jefo mini sadaka a cinya. Ni, da na yi shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane.

Muna hango lilon, saura kamar taku talatin, marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe. Ba ƙiiƙ ya ce ba. Cewa ya yi ƙyaaat, mazaunin ya rabe biyu, don ɓeraye sun cinye zaren ɗinkin kaf. Na zurma ta tsakiya, ƙafafuna a sama, na dira cikin wani kwatami na ruwan zoɓo da bawon rake da abin da ban tsaya bincike ba. Ƙafar damarsa ta lanƙwashe, boris ya watse. Sammani ya zaro ni, ya ce in jira, ya ruga neman igiya.

Bai daɗe da ɓacewa ba mai lilo ya ɗaga murya ya ce man janareto ya ƙare, zagaye ɗaya ya rage, mai hawa ya zo. Furera ta dubi lilon, ta dubi ƙafata, ta ce, "Baba, mu bar shi kawai, ai na gan shi."

Sai na kifa gwiwoyina a ƙasa, na ɗage ƙafar ɗorin, na yi rarrafe. Da furfurata, da kitse a bayana, cikin ledoji da tofin mutane, jama'ar Sallah suna darewa. Wasu suna dariya, wasu suna sannu. Furera ta ɗauki hulata da ta faɗi, ta tattare bakin rigata ta riƙe a sama don kada ta ja ƙasa, alhali rigar ta riga ta gama lalacewa. Mai lilo da wani bawan Allah suka ɗaga ni suka saka.

Muka tashi sama. Ita ta runtse ido tun daga farko har ƙarshe, ta ƙanƙame hannuna, ba ta ga ko gini ɗaya ba. Ni na gani. Na ga gawar Alhaji can ƙasa, karnuka biyu suna lasar ta, Sammani yana tsaye da igiya yana waige-waige.

Marigayin ya bar jarkoki huɗu da ba su da mai kai su rijiya, da tulin taki a bayan gidan Sammani, da ɓeraye masu yawa waɗanda suka yi ƙiba da sanadinsa. Ya bar farar riga guda da Kaltume ta wanke sau biyar ta haƙura.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidana. Za a ƙona mazaunin a bayan gari, nesa da rijiya. Gangar jikin kuwa ɗan gwangwan zai zo ya ɗauka, in ya iya jure warin. Ba zaman makoki. Mai zuwa ta'aziyya kada ya zo mini da shawarar abin da ya kamata in hau, Sammani kuma ya tsaya daga nesa.

Ƙafarsa ta hagu kaɗai ce ba za ta bi gawar ba. Furera ta wanke ta da toka, ta kafa ta a jikin turke a tsakar gida, ta ɗaura mata gwangwanayen tumatir kewaye, tana juya ta da yatsa. Jiya na leƙa. A cikin gwangwani ɗaya akwai mutum-mutumin kara guda biyu, babba da ƙarami, an naɗe wa babban ƙafa da tsumma. Duk wanda ya taɓa ƙafar keken nan, ni da shi ne.