Yadda Ake Korar Mutum Ba Tare da An Taɓa Takardar Ba

Kana hangen kujerar saman bene, amma har yanzu in ka cuci mutum sai abinci ya ƙi shiga? Kwantar da hankalinka, ciwon yana da magani. Shekara tara na yi a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin fenti, ina ɗaukar karatu a gaban Manajanmu, mutumin da ban taɓa jin an ce gabansa ya faɗi ba. Bi matakan nan daki-daki. Na ba ka tabbacin za ka kori wanda ka ga dama, a kuma tausaya maka.

1. Haddace sunayen 'ya'yan ma'aikata

Ba sai ka so kowa ba, so yana cin lokaci. Nemi ɗan littafi. Na Manajanmu yana cikin aljihun teburinsa: wa aka yi wa haihuwa, wa ƙafa ke damu, wa ke jinya a gida. Kafin ya sauko ƙasa sai ya duba shafi ɗaya, kamar mai shan magani. Ya dafa kafaɗar mutum ya tambayi mai jiki, mutumin ya wuni yana sa masa albarka.

2. In ka yi ɓarna, nemi mai gaskiya

A ce ka sa an sayo sinadari mai araha, fenti ya kama ɓarewa a bangon mutane, masu kamfani suna neman wanda za su ɗora wa. Kada ka zaɓi ɓarawo. Ɓarawo yana da baki, kuma ya san naka. Zaɓi irin Baba Sito, dattijon da ya riƙe makullan ɗakin ajiya shekara ashirin da shida, saura wata bakwai ya yi ritaya da cikakken haƙƙinsa. Shi ne ma ya hau bene tun farko ya ce maka kayan nan ba su da kyau. Wannan kaɗai ya isa laifi. Ka rubuta cewa a wurin ajiya kayan suka lalace.

3. Yabe shi a bainar jama'a

Ana saura mako guda a kore shi, tara ma'aikata, ka ce ya miƙe a tafa masa. Kira shi uban kamfani. Ranar da labari ya fito kowa zai rantse daga sama aka matsa maka.

4. Gyara fuska

Tunda tausayi ba ya zo maka da kansa, yi atisaye a madubin banɗaki. Cire tabarau, murza ido, yi ajiyar zuciya. Daƙiƙa uku ta isa. Abin da kawai zan ja maka kunne a kai shi ne duba agogo ana tsakiyar yi, don ko malamin namu an taɓa kama shi sau ɗaya.

5. Danƙa ambulan ɗin kora a hannun wanda tsohon ya fi ƙauna

Nan ne gwaninta take. A wurinmu ni ne wannan mutumin. Baba Sito ne ya kai takardata ta neman aiki sama da hannunsa, kuma kullum tare muke cin abincin rana a kan wata tsohuwar duro. Manaja ya kira ni ya turo ambulan da bakin biro.

"Daga bakinka zai fi zo masa da sauƙi. Ni wallahi ba zan iya kallon idonsa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wata bakwai fa kawai ya rage."

Ya cire tabarau ya murza ido. Sannan ya tambaye ni jikin 'yata mai ciwon ƙirji, ya ce katin asibitin ma'aikata ba ƙaramar rahama ba ce, Allah dai ya bar mu da shi. Na gane karatun. Tsoro ya kama ni, na ɗauka.

6. Ranar, ka yi tafiya

Ƙirƙiro taro a wani gari, ka kashe waya. Da haka ba za ka ga dattijo yana bin layin takardar da yatsa har sau biyu ba. Baba Sito bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya kwance makullai daga ƙugunsa, ya nuna min na ƙofar baya, ya ce yana cijewa, sai an ɗan ɗaga ƙofar. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, sannan ya dube ni.

"Ɗana, da ka bari wani ya kawo."

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In ka hango tsoho a tashar mota ka tsallaka titi, ƙafarka ce ta kai ka. In ka daina cin abinci a inda ka saba, tsakaninka da cikinka. Ni ma ba ni na rubuta takardar ba, ba ni na sa hannu ba, kaiwa kawai na yi, kuma kowa ya shaida. Ambulan na biyu da aka aike ni da shi, sai da na ɗan yi ta zagaye kafin na miƙa. Na jiya shi ne na goma sha ɗaya, har na tsaya a hanya na sha shayi.