Ranar da Na Juya Tiyon Mai a Gaban Surukina

Ko zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa kashe injin jirgin mutane a gaban mahaifin yarinyar da nake nema ba.

Karatu ne ya kai ni Masar, amma tallafin da ake ba mu ba ya kai mutum ƙarshen wata. Da yake na taɓa yin shekara biyu a garejin kawuna a Kano, wani ɗan Sudan da muke haya tare a Hayyin Ashir ya haɗa ni da Usta Ramadan, mai gyaran ƙananan jiragen ruwa masu gudun tsiya a bakin Nilu. Aikina wanke ƙarafa da miƙo sifana. Amma idan muna waya da Saudatu, yarinyar da nake nema, ni injiniyan jiragen ruwa ne. (Ban yi ƙarya duka ba, Usta da kansa bashmuhandis yake kirana, wato babban injiniya. Daga baya na lura haka yake kiran mai gadi ma.)

Manyana sun riga sun je tambaya, Alhaji mahaifinta ya ce zai yi shawara. Kwatsam sai ga saƙon Saudatu: Baba yana Alƙahira, an yi masa aikin ido, kuma ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya ga wurin aikina.

Ranar da zai zo, Usta ya kwance hanyar baƙin mai ta wani farin jirgi. Irin waɗannan jiragen ba kamar mota ba ne, babu fili a jikin injin, saboda haka a gefe ake ɗaura filta. Tiyo ɗaya ya kawo mata mai daga inji, ɗayan ya ɗauke shi ya bi ta kula, wato tukunyar da ruwan kogi ke sanyaya man, ya koma inji. Usta ya ɗiga jan fenti a kan tiyon da ke kawowa, ya ce zai je sayo kaya. "Wanke kawai, kada ka ɗaura komai. Tamam?" Na ce tamam.

Na kuwa wanke! Na sa fetur na dirje tiyon biyu har suna ƙyalli, jan fentin nan ya bi ruwa ban ma sani ba. Sai Shaiɗan ya raɗa mini: yanzu Alhaji zai zo ya same ka tsugune gaban bokiti da soso? Ina! Na ɗauko sifana. Tiyo biyu, tsawo ɗaya, baki ɗaya. Na juya wannan, na juya wancan, sai na yi abin da ɗalibin addini zai yi: na yi bisimilla na fara da dama.

Ina gama ɗaurewa tasi ta sauke Alhaji, da babbar riga, ido ɗaya a rufe da auduga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi jirgin ya ce, "Injiniya, wannan aikinka ne?"

"Nawa ne, Baba. Bisimilla, ku shigo mu ɗan zaga." (Har yau ban san wanda ya aike ni ba.)

Na murɗa makulli, inji ya yi ruri, kaina ya kumbura. Sai na ga allurar gejin mai tana kwance, ko motsi. Sai jiniya ta fara ƙara: ƙiiii! Na ƙwanƙwasa gejin da yatsa, shiru. To, a garejin kawuna idan wata fitila ta dami mai mota, maganinta ɗaya ne. Na zura hannu ƙarƙashi na fizge wayar jiniyar, na yi murmushi na ce, "Baba, gejin ƙasar nan maƙaryata ne."

Na kwance igiya, muka bar gaɓa. Ba mu yi nisan jifa ba inji ya fara wani kat-kat-kat. Alhaji ya miƙo hannu ta gabana ya kashe makullin. Ya cire babbar riga da hula ya ɗora mini a hannu, ya ɗaga murfin inji, ya sassauta tiyon da ke shiga kula. Ko ɗigon mai babu. Ya bi ɗayan da yatsa har mazaunin filta, ya nuna mini wata 'yar kibiya da ke jikin ƙarfen.

"Ni da ido ɗaya na gan ta," in ji shi. "Filta hanya ɗaya take buɗewa. Ka tura mata mai ta ƙofar fita, ta rufe, inji yana gudu a bushe."

Ashe mutumin nan da Saudatu ta ce mini ɗan kasuwa ne, ƙuruciyarsa kaf a ƙarƙashin tirela ya yi ta.

Ga ruwa yana tafiya da mu, ga Usta ya dawo yana tsalle a gaɓa, hannu biyu a ka, yana kiran sunan Allah da nawa. Wani tsoho mai jirgin filafilai ne ya jefo igiya ya ja mu, fasinjojinsa suna ɗaukar mu a waya. Da muka iso, Usta da Alhaji suka duƙufa kan injin. Wannan ba ya jin Hausa, wancan Larabcinsa na salla ne, amma cikin minti kaɗan sun juya tiyon, allura ta miƙe, suna tafawa. Ni kuwa babban injiniya ina tsaye riƙe da riga da hula. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Inji dai ya tsira. Da na raka Alhaji bakin titi, na ce, "Baba, ku yafe mini, mai wanke ƙarafa ne ni."

"Na sani tun da na ga yadda kake riƙe sifana," ya ce. "Juya tiyo kuwa, ba makanikin da bai taɓa yi ba. Wayar da ka fizge ce ta dame ni. Idan 'yata ta yi ƙorafi a gidanka, haka za ka yi mata?"

Wata bakwai cur ya bar ni ina jira kafin ya aika wa manyana cewa ya ba ni.

Yanzu shekararmu uku da aure. Kome nake yi, ko ana saura minti biyu a tashi ƙwallo ne, da zarar na ji Saudatu ta ce "hmm", sai in kashe komai in juyo in tambayi inda na juya tiyo.