Ranar da Na Yi Jinyar Kwamfutar Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da kakar bara ba. Masara ta yi albarka har aka rasa wurin zubawa, kowa a Funtua fuskarsa a sake. Dalilin haka ne wani Alhaji daga Danja ya ba 'yata Rukayya aikin zana masa babban sito. Aikinta na farko ke nan tun da ta gama karatun zanen gini.

Matsalar ita ce kwamfutarta. In ta sa ta fitar da hoton ginin, sai ta yi ta jan jiki tun hantsi har azahar. Na tambaye ta ko tsufa ne.

"A'a, Inna," ta ce. "Ma'aikata takwas ne a cikinta, amma manhajar ɗaya kaɗai take ba aiki. Bakwai suna zaune."

Na ce, "Ashe gayyar malalata ce."

Ranar da Alhajin zai zo, ta gano inda ake taɓawa a raba aikin ga duka takwas ɗin. Ta yi tsalle, ta kunna, ta tafi kasuwa sayo nono don baƙi.

Ina shara sai na ji kwamfutar tana huci. Na taɓa, zafi rau! (Ni dai yaƙi da jahilci na yi, an koya mana karatu da lissafi, ba a koya mana wannan ba.) Amma 'ya'ya shida na raina, na san zazzaɓi in na gan shi. Na ɗauke ta a hankali, na kwantar a katifa, na lulluɓe da bargo don ta yi gumi. Can sai hucin ya tsaya. Na ce alhamdulillahi, barci ya samu.

Bayan la'asar Alhaji ya iso da magininsa, aka shimfiɗa musu tabarma. Rukayya ta leƙo tana neman kwamfuta. Maimakon in yi shiru, sai na amsa da ƙarfi, ina jiran yabo:

"Tana ɗaki, na rufe ta. Zazzaɓi ne, amma ya sauka."

Rukayya ta fito da ita a mace, zafi ya kashe ta, hoton bai kammala ba. Ta dube ni, idonta ya ciko. "Inna, iska take nema!"

Magini ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Alhaji ya gyara murya ya ce, "To Hajiya, an dai ba ta jiƙo ko?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Sai na ruga na hau dama fura, ina jan aikin da gangan don kada su tashi. Kwamfutar ta huce, Rukayya ta sake kunnawa, 'yan gayya takwas suka duƙa. Kafin Alhaji ya ga gindin ƙwarya, ga sito ya fito tsaf, har da tagogin shan iska.

"Na karɓa," ya ce. "Amma a ƙara tagogin nan. Na ga abin da rashinsu ke yi."

Na dai koyi cewa mai noma ba bargo yake so ba. Washegari da safe na samo duwatsu uku kamar na murhu, na ɗora ta a kai, na zauna gefe da mafici.

Rukayya ta ce, "Inna, ba sai kin yi ba."

Na ce, "Ƙyale ni, biyan bashin kunya nake."