Litinin ɗin da Rahoton Tafkuna Ya Ƙi Buɗewa

A wani daji mai nisa da kogi, dabbobi sun kafa Hukumar Tafkuna. Aikinta shi ne ta faɗa wa garkuna inda ruwa ya rage idan rani ya yi nisa. Hukumar ta sayi wata babbar manhajar kwamfuta: tsuntsaye su kewaya daji su kawo labari, a shigar, kowace Litinin a danna maɓalli rahoto ya fito.

Wata Litinin da bazara, Lantana Beguwa, mai kula da kwamfutar, ta danna. Allon ya yi fari, sai layi guda: "Ba a sami shafin rahoto ba." Ta kashe ta kunna, layin yana nan. Ta hura bayan na'urar, ta sake dannawa, har ƙayoyinta suka miƙe.

A bakin ƙofa kuwa Iya Gwamma ce tsaye, uwar garken gwanki, ƙananansu na bayanta harshe waje. Tafkinsu ya zama taɓo. Ta ce, "'Yar nan, abu ɗaya ya kawo ni. Gabas za mu nufa ko yamma?"

Aka kira taro. Shugaban hukuma, Malam Tanimu Ɓauna, ya sa aka nemo Dila, wakilin kamfanin da ya sayar musu da manhajar.

Dila ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, kada hankali ya tashi. Babu abin da ya ɓace. Labarin kowane tafki yana ciki lafiya lau. Tagar da ake leƙawa ita ce kawai babu."

Shugaba ya dubi bangon ofis. "Ga tagoginmu nan a buɗe."

"Ba irin wannan ba, ranka ya daɗe. Shafin rahoton an gina shi ne da sunan Malam Damo, tsohon sakatarenku. Da ya yi ritaya kuka rufe sunansa, shafin ya bi shi."

"To a buɗe sunan."

"Sai da amincewar mai shafin."

"Wane ne mai shafin?"

"Malam Damo."

Lantana ta ce ko za a aika masa. Dila ya ce ko ya zo manhaja ba ta san shi ba, tunda an rufe sunansa. Shugaba ya ce to a gina sabon shafi. Dila ya ce abu ne mai sauƙi, amma manhaja ba ta yarda da sabo sai an goge tsohon, tsohon kuma ba a same shi ba.

Iya Gwamma ta leƙo. "Malam, ku yi haƙuri da ni, ban gane zancenku ba. Tsuntsayen da suka gano tafkunan, ba za a tambaye su ba?"

Shugaba ya amsa cikin natsuwa. "Iya, ina jin tausayinku. Amma hukuma ba ta aiki da ji-ta-ji-ta. Idan na ce ku yi gabas kuka tarar da ƙasa, me zan nuna a rubuce? Ku ɗan ƙara haƙuri, muna kan lamarin."

Ta dubi ƙananan, ɗaya ya riga ya durƙusa. Ta zungure shi da hanci har ya tashi, ta tsaya tana duban gabas, tana duban yamma, sannan ta kaɗa garken suka yi yamma. Wasu sun ce sun sami ruwa. Wasu sun ce an ga angulaye suna kewaya wajen. Babu wanda ya shigar da ko ɗaya daga labaran nan biyu a manhaja.

Taron ya tashi da matsaya: tunda doka ta ce dole a fitar da rahoto kowace Litinin, Lantana ta buga abin da allo ya nuna a takarda, shugaba ya sa hannu, a adana. Haka aka yi har damina ta sauka.

A ƙarshen shekara aka yaba wa hukumar, domin a duk dajin ita kaɗai ce ba a taɓa samun mugun labari a rahotonta ba.