Ranar da Na Yi wa Bulus Kurciya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, da yammacin da na durƙusa a falon surukaina a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano ina rantsuwa cewa ni ba boka ba ne. Ni fa, malamin jinya mai fararen kaya, wanda ko allura ba ya yi sai da bismilla. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in faro muku daga tushe. Akwai wani wasan kati da abokina Habu ya koya mana, yayansa ne ya kawo masa tsaraba daga waje. Ba irin kartar bakin tasha ba ce, kuma ba a sa ko sisi. Kowane kati da zanensa: dodanni, mayaƙa, macizai masu fukafukai. Kowa ya haɗa nasa tarin, a zauna a gwabza har ɗaya ya faɗi. Kowane kati yana da abin da yake ci kafin ka iya jefa shi, mu muna kiransa caji. Da caji ɗaya ake farawa, duk zagaye a ƙara maka ɗaya. Manyan dodanni sukan ci bakwai ko takwas. Akwai kuma wasu ƙananan katuna na siddabaru, masu cin ɗaya ko biyu, waɗanda da ka jefa su sun yi aikinsu sun wuce.

Mu uku ne 'yan wasan: ni, da Habu, da Bulus. Bulus malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi, iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne, amma a Gyaɗi-Gyaɗi aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Duk Asabar nakan taso daga Darmanawa mu baje a barandar gidansu, don ranar ce mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, take tafiya zumuntar mata a cocinsu. Ta dai san muna wasan takardu, takan bar mana kunun gyaɗa a fulas, amma ba ta taɓa zama ta ji abin da muke faɗa ba. A barandar nan na fara ganin Nafisa, 'yar maƙwabtansu, ta kawo wa Mama saƙo daga Hajiyarta. Mama da Hajiya kuwa aminai ne tun kafin a haifi su Bulus, naman layya ya tsallaka katanga can, shinkafar Kirsimeti ta tsallako nan. Magana ta yi nisa tsakanina da Nafisa, har an tsayar cewa ranar Lahadi kawunnaina za su zo a sa rana.

To, a wasan nan ni mutum ne mai son girma (Nafisa ta ce ba a wasan kaɗai ba). Ina da wani ƙaton dodo mai kai uku, caji takwas, ina ji da shi kamar ni na haife shi. Sai in zauna ina tara caji, ina murmushin mugunta. Shi kuwa Bulus ba ruwansa da manya. Ya jefa ɗan wannan ya hana ni kai hari, ya jefa ɗan wancan ya zubar mini da katin hannu, kafin dodona ya gama ɗaura ɗamara an riga an yi jana'izata. Ya kwashe katunansa yana cewa, "Likita, ka gaida dodo, ka ce muna nan muna jiransa." Abin yana ƙona mini rai, wallahi. Har a kan babur nakan kama kaina ina masifa ni kaɗai.

Sunayen katunan da Turanci suke, masu karya harshe, don haka muka raɗa musu namu. Wanda yake sandarar da mai kawo hari muka ce Sagau. Wanda yake sa abokin karawa ya zubar da abin da ya tanada muka ce Shashatau. Akwai kuma wani da babu mai shi a cikinmu, sai labarinsa muke ji: caji ɗaya tak, amma duk dodon da ka nuna da shi ya bar wasan ke nan, ba ya dawowa. Wannan ai ba sai an yi shawara ba. Duk Bahaushe ya san asirin da ake yi wa mutum ya bar gari ya shiga duniya. Muka sa masa Kurciya.

Daga ƙarshe na sauke girman kai na koma wa ƙananan. Na yi ta cigiya har na samu wani ɗalibin likita a asibitin da nake aiki, muka yi musaya, na ba shi mayaƙana biyu ya ba ni Kurciya. Ranar Juma'a da safe, ina shirin fita aiki, daɗi ya cika ni, na ɗauki waya na danna na yi wa Habu saƙon murya. Ga abin da na ce, ban rage ko harafi ba, don an maimaita mini shi har na haddace:

"Habu, albishirinka! Na samo kurciyar nan, kuma ka san ba ta da tsada. Na haɗa masa da sagau da shashatau. Wallahi wannan karon Bulus ya gama zama, ko Mama ba za ta cece shi ba!"

Na kuma rufe da wata irin dariya, wadda ni kaina ban san ina da ita ba.

Abin da ban lura ba shi ne, da sassafen nan na tura wa Hajiya gaisuwar Juma'a (neman shiga, kun gane). A wayata Habu da Hajiya maƙwabtan juna ne. Na jefa wayar a loka na shiga ɗakin marasa lafiya ina fara'a, har wani dattijo da nake wanke wa ciwo ya ce, "Yau malam an tashi da farin ciki."

Sai da aka sauko daga masallaci na duba waya. Kiran Nafisa ya cika fuskar wayar, ga saƙonta guda: "Me ka tura wa Umma? Baba ya ce ka zo bayan la'asar. Bulus ya ɓata." Na duba sama, na ga inda saƙona ya sauka.

Ashe Hajiya tana jin saƙon ta yafa mayafi ta faɗa gidan Mama. Ta kuwa tarar da Mama da ma hankalinta ba a kwance yake ba: Bulus ya fita tun asuba, bai karya ba, bai ce ga inda za shi ba, makarantarsu sun ce ba su gan shi ba, wayarsa a kashe. Ku haɗa wannan da wancan ku gaya mini abin da za ku yi zato.

Na yi sallama a falon da muryar da ban san tawa ce ba. Baba, mahaifin Nafisa, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi komai tsoratar da ni. Yana zaune da tabarau a karan hanci. Hajiya ta kau da kai. Mama Rifkatu tana gefe idanunta jawur. Nafisa tana raɓe a bakin ƙofa, an hana ta magana, don da ta ce wasa ne Hajiya cewa ta yi, "Rufe mini baki, ke ma wa ya sani ko shashatau ɗin aka yi miki."

Na zube a ƙasa na gaishe su. Baba bai amsa da yawa ba. Ya miƙa hannu Hajiya ta ba shi waya, ya ƙure ƙara, ya danna. Jama'a, ban taɓa sanin muryata tana da muni haka ba. Da aka zo kan dariyar nan ta ƙarshe, Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah." Baba ya ce bai ji sosai ba, ya sake kunnawa.

"Muryarka ce?" in ji shi.

"Tawa ce, Baba. Amma wallahi kati ne."

"Kati?" Ya zare tabarau. "Af, har da caca kake yi?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zo wanke kaina daga bokanci, ga shi na ƙaro wa kaina caca. Allah ya taimake ni tarin katunan yana cikin jakata (na tafi da shi aiki ne don in riƙa leƙen Kurciyata, kada ku yi mini dariya). Na zazzage su a kan kafet. Wanda ya fara faɗowa a gaban Hajiya wani ƙwarangwal ne mai ƙaho riƙe da lauje. Ta janye ƙafa ta ce, "A'uzubillahi! Alhaji, ka gani ko?"

Haka na durƙusa, ƙato da ni, gumi yana bin bayana, ina koya wa surukaina wasan dodanni. Wannan shi ne Sagau, Baba, takarda ce. Wannan Shashatau. Wannan ce Kurciyar. Baba ya ɗauke ta, ya mayar da tabarau, ya karanta Turancin da ke jiki a hankali kamar takardar ofis. Ya tambayi ma'anar lambar da ke sama, na yi masa bayanin caji. Ya nuna ƙaton dodona.

"Wannan nawa yake ci?"

"Takwas, Baba."

"Wannan 'yar kuma ɗaya, kuma ta kore shi gaba ɗaya?"

"Haka ne."

"To wane wawa ne zai zauna jiran takwas?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, Baba." Na ga gefen bakinsa ya motsa, na ji ɗan sanyi a raina. Amma sai Mama ta yi magana, a hankali, ba faɗa ba hayaniya.

"Duk na ji, ɗana. Takarda ce, na yarda. To ina Bulus?"

A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, na manta da sa rana, na manta da kunya, na shiga tunanin hanyoyi da motoci da irin mutanen da ake kawo mana asibiti. Na ce mata yanzu zan hau babur in zaga duk inda na san yana zuwa. Na fara tattara katuna ke nan muka ji sallama.

Bulus ne, cikin kwat da laktaye, takalmi a goge, riƙe da ledar biredi. Ashe ganawar neman aiki ya tafi Kaduna. Ya ɓoye wa Mama ne saboda wancan karon da bai samu ba ta fi shi shiga damuwa. An sa su kashe waya a wajen, da ya fito kuma caji ya ƙare (caji dai, caji dai). Mama ta rungume shi tana kuka tana dukan bayansa. Da Nafisa ta ba shi labari, aka kuma kunna masa saƙon, mutumin nan sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya share hawaye, ya gyara fuska ya ce, "Gaskiya Mama, tun asuba na ji wani abu yana jana zuwa tasha." Ta cire ɗankwali ta bi shi da shi har tsakar gida.

Da ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗana, na zarge ka a zuciyata. Ka yafe mini." Wallahi wannan ya fi kunna saƙon nan sa ni jin kunya. Na ce ni ne mai neman gafara, ni da bakina da ɗan yatsana. Hajiya dai ta aiko Nafisa da zoɓo mai sanyi, na kuwa gane an sassauta. Baba ya miƙo mini Kurciyata ya ce kawunnaina su zo Lahadi kamar yadda aka tsara, sharaɗinsa ɗaya: a sake wa katunan nan suna.

An sa rana, an sha biki, Bulus ne ma babban abokin ango. Sai dai ga inda abin ya ƙara ɗaure ni: ya samu aikin. Bayan bikin ba da daɗewa ba ya tattara ya koma Kaduna. Ranar da muka raka shi tasha, Mama ta dube ni ta ce, "To, Boka, kurciyarka ta kama." Tun daga ranar sunan ya bi ni. Yaran layin Gyaɗi-Gyaɗi ba su san ni da wani suna ba, Baba ma in yana cikin raha yakan ce a kira masa bokan gidan ya auna masa jini.

Mun cika sharaɗi. Kurciya yanzu sunanta Taransifa. Lambar Hajiya kuwa na sake mata suna a wayata, na rubuta "Umma, tsaya ka duba". Na kuma yarda da Bulus ɗari bisa ɗari cewa ƙananan katuna sun fi manya haɗari, tunda dodona mai kai uku bai taɓa ci mini wasa ko ɗaya ba, amma 'yar takarda mai caji ɗaya ta kusa kore ni daga Gyaɗi-Gyaɗi ba dawowa.

Har yanzu duk Asabar, in Mama ta dawo daga coci, nakan leƙa ta in duba mata hawan jini, ta kuma ajiye mini kunun gyaɗa. Kullum tambayarta ɗaya ce: "Boka, babu mai dawo da mutum a cikin takardun naka?" Makon jiya na ce mata akwai, caji biyu yake ci, ina kan cigiya. Abin da ban gaya mata ba shi ne Bulus ya kira ni, ya ce ya nemi a mayar da shi reshensu na Kano, kuma da alama za a dace. Ya roƙe ni in riƙe sirrin. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan karon ko Habu ba zan yi wa saƙon murya ba.