Ranar da Na Yi wa Gwaggo Hansai Ragi

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Murja a Bungudu ba. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bari ba.

Lokacin ina aiki a sashen talla na wani kamfani mai gina rukunin gidaje a bayan Damba, nan Gusau. Samfurin gidajenmu uku ne: babba mai bene, matsakaici, sai ƙarami mai ɗaki biyu da falo. Masu wannan sana'a kuwa sun ɗauki wata ɗabi'a ta raɗa wa gidaje suna kamar jarirai. Wani kamfani ya sa wa nasa Dubai da Istanbul (Istanbul ɗin nan idan aka yi ruwa sai ka naɗe wando kafin ka shiga), wani kuma Zinariya da Lu'ulu'u. Manajanmu ya ce shi ya gaji da sunayen garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Ya ce in samo sunaye na gida, waɗanda mutum zai ji kamar ya dawo wurin uwarsa.

Ni kuma, sarkin basira, sai na tuna da gwaggonnina uku. Mai bene na sa masa Kulu, matsakaici Ige, ƙaramin kuma Hansai. Da kyakkyawar niyya na yi, Allah ya sani. Gwaggo Hansai ce ta riƙe ni a Tsafe ina firamare, ita ce gajera a cikinsu, ita kuma na fi so. Manaja ya yaba, aka buga sunayen a alluna. Su kuwa masu sunan ban gaya musu ba, na bari sai wata rana in kwashe su in kai su su gani, su yi ta sa mini albarka (haka dai na tsara a raina).

A ofis muka saba da maganar har ba ma jin komai. Wannan ya tambaya ko an yi wa Ige fenti, wancan ya ce Kulu na jiran tayil. Kulu da Ige suka yi kasuwa nan da nan, Hansai kuwa ta ƙi tafiya, kowa ya leƙa sai ya ce ta yi masa ƙunci.

Ranar wunin biki na shiga cikin gida gaishe da iyaye. Tsakar gida cike da mata, ga kiɗa daga lasifika kamar zai fasa kunne. Na durƙusa a bakin tabarmar gwaggonnina, su ukun a jere, Gwaggo Hansai har ta turo mini kwanon waina. Sai wayata ta yi ƙara. Wani Alhaji ne mai sayar da hatsi a Kwatarkwashi, wanda na daɗe ina lallashi ya saya wa ɗansa gida. Maimakon in fita waje kamar mai hankali, sai na toshe kunne ɗaya da yatsa, na rufe ido, na ɗaga murya. Ashe a daidai lokacin janareto ya mutu, kiɗa ya tsaya, ni kaɗai ne ban sani ba.

"Alhaji, Kulu kam ka makara, wani ɗan kasuwa ya riga ya ɗauke ta. Ige ma an kai kuɗinta. Saura Hansai. Gaskiya ta daɗe babu wanda ya taya, shi ya sa muka yi mata ragi. Ƙarama ce, amma tana da ƙwari, idan aka ɗan shafa mata fenti ba mai cewa ta kwana biyu. Ka zo gobe ka duba ta da kyau."

Na buɗe ido na ga duk gidan ni ake kallo. Gwaggo Kulu, wadda mijinta ke zaune a ƙofar gida da ransa da lafiyarsa, ta saki baki. Gwaggo Hansai kuwa mijinta ya rasu da daɗewa, kuma dama 'yan uwa na yawan tsokanarta da maganar sake aure. Ta janye kwanon wainar a hankali, ta dube ni.

"Wanga Alhajin," in ji ta, "nawa yat taya ni?"

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, gida ya kece da dariya. Amarya ma sai da ta leƙo ta taga, tana dariya har kwalliyarta ta lalace. Na hau bayani ina in'ina, bayanin ya ƙara dagula lamari. Da Gwaggo Kulu ta ji nata ne mai bene sai ta gyara zama ta ce yaron nan dama yana da hankali. Gwaggo Ige ta nemi sanin dalilin da ba a yi mata gareji ba. Gwaggo Hansai ta tunatar da jama'a cewa ita ta yi jinyata lokacin ƙyanda, ita ta wanke mini tabarma shekara da shekaru (wannan bai kamata a faɗa a taro ba), amma sakayyarta ɗaki biyu, har da ragi. Duk wannan Alhaji na kan layi yana sauraro, don ban kashe wayar ba.

Washegari Gwaggo Hansai ta ce lallai sai na kai ta ta ga takwararta. Muka tarar da Alhajin ya riga mu isowa. Ta zagaya ɗakunan, ta ƙwanƙwasa bango, ta leƙa kicin, sannan ta juyo ta shaida masa cewa an janye ragi, Hansai ba ta araha. Alhaji ya yi dariya har ya dafa ƙofa, kuma a cikakken farashi ya saya. Manaja ya so ya ɗauke ta aiki.

Har yau idan na je Tsafe, kafin ta amsa gaisuwata sai ta tambaye ni yadda farashinta yake a kasuwa. Da aka fara sabon rukuni aka sake ce mini in kawo sunaye, sai na rubuta Tsamiya, Gawo da Marke. Na koyi cewa idan za ka sa wa kayan sayarwa suna, ka zaɓi abin da ba ya zuwa biki.