Dambun Surukata

Da za a yi min aikin ƙaba, likita ya ce allurar barci kan sa mutum surutu, don haka kada kowa ya shigo sai na dawo konshos sosai. Ni da nake koyar da Turanci a Mahuta, har fassara wa matata kalmar na yi: konshos shi ne mutum ya san inda kansa yake, kuma ni tun da aka haife ni ban taɓa rasa nawa ba.

Ina buɗe ido na hango surukata Hajiya a bakin ƙofa, matar da ko ido ban taɓa iya haɗawa da ita ba. Nas ta tare ta, ni kuwa na ɗaga hannu na ce, "Bar ta, ina konshos."

Sauran a bidiyon da matata ta ɗauka da wayarta na gani. Ga ni nan riƙe da hannun Hajiya, ina yi mata bayani a tsanake cewa dambun da take aiko mana duk Juma'a, kajin maƙwabta nake zuba wa rabona, su ma a daddafe suke ci.

Hajiya ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ta fita.

Yanzu ta daina aiko da dambu. Da kanta take kawowa tun daga Unguwar Mu'azu, ta zauna tana jan carbi har in cinye tas. Sannan ta dubi 'yarta ta ce, "Tambayi Malam, yana konshos? To, a ƙara masa."